Wane Inji Ne Zai Jure Aikin Kullum a Golf 3 a Hanyar Karkara?

Malamin Gona, ƙasar Sule Tankarkar

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar bakanikai da direbobin da suka daɗe suna bin hanyoyin karkara. Ina da Golf 3 doguwa, wadda ake kira wagon, mai inji 1.8 da giyar hannu, kuma da ita nake zuwa wurin aiki kowace rana a kan hanyar da rabinta kwalta ce, rabinta kuwa burji da rairayi. Ranar Alhamis nakan ɗauki buhunan riɗi ko na zoɓo zuwa kasuwar Maigatari, sannan ita ce motar da ake bugo wa ƙofa cikin dare idan za a kai marar lafiya asibiti a Gumel. Yanzu injin ya gaji, yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma idan na shiga rairayi da lodi sai na koma giya ta ɗaya kafin ta iya fita.

Tun da dole ne a taɓa injin, ina so in samu ƙarin ƙarfi a kan wanda motar ta zo da shi, amma da sharaɗin kada ta koma motar da za ta riƙa kwana a gareji. Bakaniken garinmu ya ce a sauke injin a yi masa borin, a sa sabbin fistin da ringi da mital, a kuma kankare tof silinda sosai domin matsi ya ƙaru. Wani abokin aikina ya ce in je Kano in sayo injin Beljiyam mai 2.0 a ɗora. Ƙanena, wanda ba ya rabuwa da kallon motocin tsere a YouTube, yana matsa mini in sa injin VR6 mai silinda shida ko a ɗaura wa wannan ɗin turbo. Direbobin tasha kuma sun ce duk wanda na zaɓa, in cire injekta in mayar da shi kafireto in huta. A cikin waɗannan, wanne ne zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu da irin man da muke samu a nan?

Bakanike, Haɗeja

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga zaɓen inji, ya kamata a fara sanin abin da ya mutu a cikin wanda kake da shi. Idan hayaƙin da safe kaɗai yake fitowa, ya ɗauke bayan injin ya ɗumama, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe, kuma canza su bai kai a sauke inji ba. Ka nemi mai agogon auna matsi ya cire fulogai huɗun ya gwada kowace silinda injin yana da ɗumi. Lafiyayyen inji na wannan dangi yakan nuna kusan bar 10 zuwa 13, wanda kuwa ya sauka wajen 7.5 ya gama aikinsa. Idan aka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogi aka sake gwadawa, matsin ya tashi, to ringi ne suka cinye; idan bai motsa ba, matsalar tana wajen bawul ko gaskit. Ka kuma duba haruffan da aka buga a jikin bulok ɗin, domin 1.8 na Golf 3 ba iri ɗaya ba ne: AAM yana da ƙarfin doki 75, ABS da ADZ kuwa suna da 90.

Idan gwajin ya nuna ƙasan injin ya tafi, ni abin da zan zaɓa maka shi ne 2.0 mai bawul takwas, wanda ke ɗauke da haruffan 2E, ADY ko AGG. Kamfanin Volkswagen da kansa ya sa shi a Golf 3, don haka yana zama a kan kujerun injin da ke motarka, yana kuma haɗuwa da giyabos ɗinka mai lamba 020 ba tare da walda ko yanke-yanke ba. Ƙarfinsa doki 115 ne, amma ba wannan lambar ce ta fi muhimmanci a gare ka ba. Abin da ke fitar da mota daga rairayi da lodi shi ne ƙarfin ja a lokacin da injin bai hau sosai ba, kuma a nan 2.0 yana ba da Nm 166 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi) yayin da 1.8 mai doki 90 ke ba da 145. Dalili shi ne tafiyar fistin ɗinsa ta fi tsawo, milimita 92.8 a kan 86.4, saboda haka yana jan kaya ba tare da an take totur har ƙasa ba, kuma injin da ba a takura masa shi ne ke daɗewa.

Maganar kankare tof silinda don ƙara matsi, ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Ana kankarewa ne idan ya lanƙwashe fiye da milimita 0.1, kuma a cire iya abin da zai daidaita shi. Idan aka wuce haka, matsin zai fi ƙarfin man da muke samu, musamman wanda ake saye a jarka wajen 'yan bumburutu, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ka hau tudu. Wannan ƙarar ita ce ke fasa gefen fistin tana ƙona gaskit, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yankin, abin ya fi tsanani.

VR6 kuwa inji ne mai kyau a inda aka yi shi dominsa, lita 2.8 da doki 174, amma ba shi kaɗai ake saye ba. Yana zuwa da nasa giyabos mai lamba 02A, da kuloci mai aiki da mai, da manyan birki da ƙafafu masu noti biyar, kuma sarƙar tayimin ɗinsa tana ɓangaren giyabos, ta yadda canza ta sai an sauke giyabos ɗin. Ya fi nauyi a gaba, ya fi shan mai, kuma ranar da wani abu ya lalace a cikinsa ba za ka same shi a Gumel ba, wataƙila ma sai an sha yawo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Tsohon Direba, layin Gumel zuwa Kano

Allah ya saka wa Bakanike da alheri, ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai inda zan saɓa masa. An daina ƙera Golf 3 tun 1997, doguwar kuma ta tsaya a 1999, wanda ke nufin duk injin da za a kira maka na Beljiyam a yau ya haura shekara 25 a duniya. Ba ka san wanda ya tuƙa shi ba, ba ka san tsawon zaman da ya yi a ƙasa ruwa yana shiga ta bakin salansa ba. Bayan haka akwai marasa tsoron Allah da ke sayen injin da ya gama wahala a hanyoyinmu, su wanke shi da fetur, su fesa masa fenti, su jera shi cikin na waje. Naka kuwa ka san tarihinsa, ka san ko ya taɓa yin obahitin, ka san ko ya taɓa bugawa.

Saboda haka ni a ganina, idan bulok ɗinka bai tsage ba, gyaran gaskiya ya fi sayen abin da ba ka sani ba. Sai dai abin da ake kira gyaran inji a yawancin garejinmu canza ringi ne kawai a cikin silindar da ta riga ta buɗe, shi ya sa bayan wata uku hayaƙi ke dawowa a ce gyara ba ya ƙarko. Gyaran gaskiya shi ne a kai bulok da kiranshaf wajen masu injin borin a Kano, su auna, su faɗa maka girman fistin da mital ɗin da za ka saya, sannan ka je da ƙafarka ka sayo na kirki, domin zuwa da kai ya fi aike. Mutane da yawa da ke neman ƙarin ƙarfi, abin da suka rasa shi ne ƙarfin da motar ta zo da shi tun asali, wanda ya zube a hankali ba su lura ba. Ranar da ya dawo sai su ji kamar an canza musu mota.

Game da kafireto, mu 'yan tasha ba don jahilci muke komawa gare shi ba. Idan ya toshe a tsakiyar daji, da sukudireba ɗaya za ka buɗe shi a gindin bishiya ka hure ka ci gaba da tafiya, alhali injekta idan ta ƙi sai an jawo motar zuwa gari. Gaskiya ne ya fi shan mai, amma wanda zai kai mai naƙuda asibiti da ƙarfe biyun dare ya fi bukatar abin da zai iya gyarawa da hannunsa. Ni ko tamostat ba na bari a motata, kuma fankata kai tsaye take aiki daga lokacin da na murza makulli.

Mai Gyaran Wutar Mota, Dambatta

Baba Direba, girmanka ne, kuma abin da ka faɗa a kan tsufan injinan Beljiyam da kuma gyaran rabi da rabi babu mai musa shi. Amma ina roƙon ka ba ni dama in yi magana a kan kafireto da tamostat, domin motocin da aka sa wa kafireto ko aka cire wa tamostat su ne suka fi zuwa hannuna.

Kafireton da ake ɗora wa Golf 3 ba nata ba ne, na Golf 2 ne ko na wata motar dabam, wani lokacin ma sabon ƙirar da ba a san ma'auninta ba, kuma ana haɗa shi da wata distirbuta da aka tsinto. Babu wanda ke auna yawan man da yake zubawa. Idan ya zuba da yawa, fetur ɗin yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya kuma gangara ya tsinka na cikin sam, wato kaskon mai na ƙasan inji, sai ringi su cinye da wuri. Idan ya zuba kaɗan, injin ya riƙa zafi yana ƙona bawul. A kan 2.0 asarar ta fi yawa, domin yana da wata na'ura a jikin bulok da ke jin wannan ƙarar da Bakanike ya ambata, ta sanar da birenbos, wato kwamfutar injin, ya ja wuta baya kafin fistin ya lalace. Wannan ita ce kariyar da ta fi amfani ga mai shan man jarka, kuma ranar da aka sa kafireto an jefar da ita. Yawancin abin da ke kashe injekta a karkara datti ne da ruwa a cikin mai, da tafiya da tanki kusan babu komai har famfon mai ya ƙone, da wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda. Wanda ke canza filtar mai a kan lokaci, yana tace man jarka kafin ya zuba, yana kuma ajiye famfo ɗaya da rile ɗaya a cikin mota, da wuya ta kwana da shi a daji.

Malam, idan ka tsaya a kan 2.0, kada ka sayi gundarin inji kaɗai. Ka saye shi da birenbos ɗinsa, da dukan wayoyinsa ba a yanke ba, da na'urorinsa, da akwatin iyakilina, duk daga mota ɗaya, domin 2E yana aiki da tsarin Digifant, ADY da AGG kuma da Simos, kuma kayan wannan ba sa shiga na wancan. Waɗanda aka ƙera daga wajen 1995 suna da makullin tsaro, wanda idan ba a haɗo da makullin da ƙaramin akwatinsa ba, injin zai tashi ya mutu nan take. Famfon mai ma dole a canza shi, saboda 1.8 ɗinka mai nozul ɗaya ne da ke aiki da matsi kusan bar 1, shi kuwa 2.0 mai nozul huɗu yana bukatar kusan bar 3. Bulok ɗinsa kuma ya ɗan fi tsayi, don haka bututun salansa na farko gara a karɓo nasa.

Tamostat kuwa ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba. Yana buɗewa ne wajen digiri 87 domin injin ya kai zafin aikinsa da sauri ya kuma tsaya a nan, allura tana kan 90. Idan aka cire shi, da safiyar hunturu injin zai yi doguwar tafiya bai ɗumama ba, birenbos yana ta ƙara mai yana zaton yanzu aka tayar da shi, kuma a cikin sanyin nan ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Motar da ke obahitin tana da wata cuta dabam: lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfin da ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa da ya cinye, ko bututun robar nan na gefen tof silinda da ke tsagewa idan ya tsufa. A gyara waɗannan, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, a bar fanka ta riƙa tashi da kanta.

Ɗalibin Injiniya, Wudil

Ina so in ƙara kalma biyu a kan turbo, tun da ba a tsaya a kansa ba. Injinan da kamfani ya yi su da turbo an rage musu matsi tun daga fistin, an ba su birenbos da nozul da suka dace da ƙarin iskar. Ɗaura shi a kan inji mai matsi wajen ninki 10 da nozul ɗaya, ba tare da wanda zai sake tsara yawan mai da lokacin wuta ba, hanya ce ta narka fistin cikin ɗan lokaci. Sannan turbo yana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya, yana rayuwa ne da tsabtataccen baƙin mai da iska marar ƙura, abubuwa biyu da suka fi wuya a hanyar burji. Haka nan buɗaɗɗiyar filtar iska mai siffar mazurari da matasa ke sakawa don ƙara, tana shaƙar iska mai zafi daga cikin bonet, kuma ba ta tare ƙurar hunturu kamar ta takarda da ke cikin akwatinta.

Idan tsadar mai tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta sa wani ya kawo maka shawarar CNG, wato mayar da mota mai aiki da iskar gas, ka lura cewa tana rage ƙarfin inji kaɗan, tukunyarta mai nauyi ce kuma tana cinye wurin lodi, wuraren cikawa ba su yawaita ba idan aka bar manyan birane, kuma iskar tana zama a matsi na bar 200, wanda tukunyar da aka yi da walda a gareji ba za ta ɗauka ba.

Malamin Gona, ƙasar Sule Tankarkar

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An yi gwajin kamar yadda Bakanike ya ce. Haruffan jikin bulok ADZ ne, silinda uku sun tsaya wajen 8, ɗaya ta sauka ƙasa da 7, kuma duk sun tashi da aka ɗiga baƙin mai. Da muka lissafa kuɗin borin da fistin da mital da jigilar bulok zuwa Kano da dawowa, tazarar da ke tsakaninsa da sayen 2.0 ba ta da yawa, shi ya sa hankalina ya fi karkata can, duk da cewa gargaɗin Baba Direba yana raina. Ta yaya zan tantance injin kafin in biya, kuma giyabos da kulocina za su ɗauki ƙarin ƙarfin?

Bakanike, Haɗeja

Malam, ka tafi da bakanikenka da agogon auna matsin nan, kada ka dogara da wanda mai kaya zai haɗa ka da shi a kasuwa. Injin da aka wanke fes har yana ƙyalli ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya zo da tsohuwar ƙurarsa. Ku buɗe murfin bawul ku duba ko akwai baƙin dasƙararren mai, ku cire fulogai ku ga ko launinsu ɗaya, ku leƙa hanyoyin ruwa ko tsatsa ta cinye su, ku duba kan notocin tof silinda da na sam ko akwai alamar an taɓa kwance su, da kuma gam da ya tsattsafo a gefen gaskit. A juya shi da batir a auna matsin silinda huɗun a gabanka. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa idan ya yi hayaƙi ko ƙara cikin kwanakin da kuka amince za a canza maka, kuma rasit ɗin ya ɗauki lambar injin, domin da shi za ka je ofishin lasisin mota a gyara takardunka, kada wata rana a tsayar da kai a hanya lambar inji ta saɓa da ta takarda.

Kafin a ɗora shi, tun yana ƙasa, a sa sabon tayimin bel da abin ɗaure shi, da famfon ruwa, da tamostat, da robobin kiranshaf na gaba da baya, domin aikin da za a yi cikin awa ɗaya a ƙasa yakan ci yini guda idan injin ya shiga mota. Idan har sai an buɗe tof silinda, a sayi sabbin notoci goman nan, saboda irin masu miƙewa ne da ba a maimaita su, kuma a ɗaure su da sifana mai ma'auni, Nm 40, sannan 60, sannan rubu'in juyi sau biyu, ba da bututu da ƙarfin damtse ba.

Giyabos ɗinka zai ɗauka, domin dangin 020 ne kamfanin ya haɗa da 2.0 mai bawul takwas. Rauninsa shi ne idan mansa ya ragu giya ta biyar ce ke fara ƙonewa, don haka a canza robobin da ke yoyo a cika shi, kusan lita 2 yake ci. Kuloci kuwa a sa sabo mai faɗin milimita 210, a tabbatar haƙoran faifan sun dace da sandar giyabos ɗinka, saboda ba dukansu ne girma ɗaya ba. Tun da kana ɗaukar buhuna, ka sa a duba birkin baya da shokozoba a wannan zaman, domin motar za ta fi saurin kaiwa gudun da a da ba ta kaiwa da lodi. Tsohon injin kuma kada ka bayar da shi a cikin ciniki sai sabon ya yi wata guda yana aiki ba tare da ya rage baƙin mai ko ruwa ba.